Tayoyin Kawu Ba Su San Gaba Ba

Laifin Umma ne, ita ta kai wa Kawu labari.

Muna shekarar ƙarshe a jami'a, ni da abokin karatuna Dogo, kuma aikinmu na kammalawa shi ne haɗa mutum-mutumi. Kada sunan ya ruɗe ku, ko kaɗan bai yi kama da mutum ba. Akwatin ƙarfe ne a kan taya huɗu, da hannu guda mai yatsu biyu da yake ɗaukar kaya. Abin taƙamarmu shi ne tayoyin. Mun tsara su yadda zai yi gaba, ya yi baya, ya kuma zame gefe kai tsaye ba tare da ya juya ba. Saura mako uku a gwada shi a gaban malamai, sai injin sassaƙar ƙarfe na sashenmu ya lalace. Na dawo gida ido jajur, na faɗa wa Umma. Kafin in cire takalmi har ta kira ƙaninta a waya.

Washegari da safe Kawu ya faɗo falo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Farfesa!" Haka yake kirana tun ina firamare. "Wai taya ce ta hana ki cin abinci? Ina raye? Ina da injin? To ki sa ranki a inuwa. Zan ƙera miki tayar da malaman naku za su miƙe tsaye su tambayi daga wace ƙasa aka yi odarta."

Shagon Kawu yana layin masu aikin hannu, tsakanin mai walda da mai faci. Ainihin aikinsa gyaran sandar injin niƙa ne da ƙusar ƙyauren gida, amma allon da ya kafa a ƙofa cewa ya yi BABBAN INJINIYA. Mutanen layin kuwa ba su san shi da wannan ba. Na-Taɓa suke ce masa, domin ba a taɓa ambatar wani aiki a gabansa ba, daga gyaran agogo har zuwa ɗaurin karaya, da bai ce ya taɓa yi ba.

Muka kai masa farantan alminiyam da roba da boris ɗin juyawa da notoci, da takardar zane guda biyu. Na shimfiɗa su a kan teburinsa na fara bayani. Kowace taya faranti biyu ce, a tsakaninsu an jera ƙananan mulmulallun roba guda takwas a zagaye, kowace a gicciye, kuma kowace tana juyawa da kanta.

"'Ya'yan taya ke nan," in ji Kawu. "Uwa da 'ya'yanta takwas. Ci gaba."

"To Kawu, ga takarda ta farko, ga ta biyu. Taya biyu za a yi irin wannan, biyu kuma irin..."

"Na taɓa yi."

"A ina?" in ji Dogo.

Kawu ya ɗaga kai ya dube shi tun daga sama har ƙasa, abin da ya ɗan ɗauki lokaci. "Wani baƙo ya taɓa kawo min irinta. Lokacin kai ko rarrafe ba ka fara ba, balle wannan tsawon."

Mai walda ya leƙo ta taga, tabaransa a goshi. "Na-Taɓa, shekara ashirin muna maƙwabtaka, ban ga baƙon nan ba."

"Ranar ka tafi asibiti."

"Ban taɓa kwanciya asibiti ba."

"To da ka je, da an duba maka wannan mantuwar."

Abin da ban sani ba sai daga baya, muna juya baya Kawu ya ɗaga takardun nan biyu ya haska su a rana, ya kira mai faci. "Dubi ɓarnar 'yan boko. Abu ɗaya sun buga shi sau biyu." Ya liƙa ta farko a bango, ta biyun ya ninke ta huɗu ya ɗora butar shayinsa a kai.

Bayan kwana huɗu ya kira mu mu zo mu ga ikon Allah. Muka tarar da shi a ƙofar shago ya rungume wani faifan ƙarfe kamar murfin babbar tukunya.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Tayarki."

"Ai ta ninka wadda muka zana!"

"Na sani. Na ƙara mata. Wannan 'yar mitsitsiyar da kuka zana raini za ta jawo miki. Mutum ya yi shekara biyar yana karatu, ya fito da taya kamar murfin kwalba?"

Dogo ya ɗora ta a gefen akwatin mutum-mutumin, ta rufe shi ruf, har hannun ya ɓace.

"To ku ƙara wa akwatin girma mana," in ji Kawu.

Mai faci, wanda yake zaune a kan tsohuwar tayar babbar mota yana kallo, ya ce, "Ko kuma a ƙara wa jami'ar ƙofa."

Da ƙyar da roƙo, da kiran Umma a waya, Kawu ya yarda ya rage ta. Ya ce zai yi ne don zumunci, amma a rubuta a ajiye, an tauye fasaha.

Sai aka zo kan 'ya'yan taya. Robar da muka kawo ya ce ta yi laushi, ya jefa ta ƙarƙashin tebur. Ya samo wata baƙa mai kauri, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya ɗaura guda a injin, ya sake masa wuta har ƙarshe. Muna tsaye. Robar ta yi wani ƙugi, ta ɓalle, ta wuce ta gefen kunnen Dogo, ta fita ƙofa, ta faɗa tsundum cikin bahon ruwan da mai faci yake gwada tiyub.

"Gwaji ne," in ji Kawu. "Ana duba ƙarfin tashinta."

Ta biyu ta bugi rufin kwano ta dawo. Ta uku ta shiga shagon mai walda, muka ji ƙarar kofi ya faɗi, sannan muka ji muryarsa.

"Na-Taɓa! Taya kake yi ko harbin tsuntsu?"

"Kai dai riƙe min ita, zan aiko!"

Zuwa la'asar mai faci ya jera guda bakwai a bakin baho suna shan iska, mai walda kuwa ya jingina tsohon ƙyaure a tagarsa ya koma aiki a bayansa. Masu wucewa suka koyi sunkuyawa idan sun zo daidai shagon.

Ana cikin haka sai ga Inna, matar Kawu, da ɗan guntun abu a hannu wanda bai fi kamu ɗaya ba.

"Maigida, ina sauran tiyon injin wankina?"

Kawu ya kashe injin a hankali. "Wane tiyo?"

"Wanda na kunna famfo da safe ruwa ya bi tsakar gida har ɗakin yara."

"Ai kin ga, ilimi ake yi wa hidima. Gobe idan aka nuna Farfesa a talabijin, ki ce da tiyonki a ciki."

"Gobe idan ka nemi wankakkiyar riga, ka sa talabijin ɗin."

Ta juyo gare ni. "'Yata, ba da ke nake ba. Amma uwarki ta san halin ƙaninta, ta rasa wanda za ta haɗa ki da shi sai shi?" Ta tattara robobi bakwai ɗin daga bakin baho, ta zuba a jaka, ta ce ko ba su da amfani nata ne. Dole Kawu ya durƙusa ya zaro robarmu daga ƙarƙashin tebur, yana cewa dama ita ya yi niyyar amfani da ita, ya bari ne ta huta.

Saura kwana tara muka koma. Ga taya ɗaya a kan tebur, girmanta daidai, 'ya'yanta takwas a jere. Zuciyata ta yi sanyi. Na sa yatsa na murza ɗaya daga cikin 'ya'yan. Ko gezau. Na gwada ta biyu, haka. Dogo ya sa hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Kawu yana murmushi. "Ba za su motsa ba har abada. Da na haɗa su na ga suna ta girgiɗi, sai na sa maƙwabcina ya ɗan ɗiga musu wuta."

"Kawu! Ai juyawar ita ce aikinsu!"

"Taya mai girgiɗi? Ke za ki shiga motar da tayarta take rawa?"

Mai walda ya leƙo ta saman ƙyaurensa. "Ni dai na tambaye shi sau uku. Ya ce ya taɓa yi."

"Kai aka ce ka ɗiga, ka kwarara!"

"Ka ce in ɗaure su kamar aure."

Na zauna a kan benci na rufe fuska da mayafi. Ina jin Kawu yana gyaran murya, yana matsar da spana daga nan zuwa can. Can ya ce, "Farfesa, ba ni kwana uku."

A nan dole in yi masa adalci. Kawu yana da hannu. Bakinsa ne kawai yake riga hannun isa wurin aiki. Da ya rage wa injin gudu, ya bi zanen bango layi-layi, tayar da ya miƙo min bayan kwana ukun ta fi wadda muka gani a littafi kyau. 'Ya'yan suna juyawa da hurin baki kawai. Dogo ya auna ta ta kowane gefe, bai sami ko gashi ɗaya na kuskure ba.

"Sauran ukun fa?" na ce.

"Suna hanya."

Kwana biyu, suna hanya. Kwana uku, ana shafa musu fenti. Ya ma karɓe ta farkon, wai kada launinsu ya bambanta. Ana gobe gwaji na kira shi.

"Kawu, a kawo su yau mu gwada."

"Fenti bai bushe ba. Kuma aikina ba ya bukatar gwaji."

"To amma biyu-biyu ka yi ko?"

"Biyu da biyu huɗu, Farfesa. Har lissafi za ki koya min?"

Ranar gwaji babban zauren sashenmu ya cika. Malamai uku a dogon tebur mai farin ƙyalle, da jug ɗin ruwa da kofuna, shugabansu Dakta, mutumin da ɗalibai suka ce rabon da a ga haƙoransa tun kafin a gina zauren. Ɗalibai a baya, iyaye a gefe, Umma a layin gaba. Wanda ya faɗi wannan gwaji sai ya maimaita shekara.

Saura minti biyu a kira mu, ƙofa ta buɗe. Kawu ne a cikin farar rigar likita da ya aro wurin mai kemis, ta sauko masa har ƙwauri, da biro huɗu a aljihu. A bayansa mai walda da mai faci, kowa da kwali a ka. Ya ce ya zo da su ne su zama shaida, saboda mutanen layi ba sa yarda da labari.

Aka kira sunanmu kafin mu buɗe kwalayen.

"Ku je ku yi surutunku," in ji Kawu. "Ni zan ɗaura. Na taɓa yi."

Ba mu da zaɓi. Muna gaba muna bayani a allo, ina jiyo ƙarar spana a bayan labule. Da muka gama, Kawu da kansa ya turo mutum-mutumin tsakiyar fili, ya yaye zanen da ya lulluɓa masa. Tayoyi huɗu jajaye suna walƙiya. Zauren ya ɗauki tafi. Kawu ya dafa ƙirji ya rusuna ta dama, ya rusuna ta hagu.

Aikin mai sauƙi ne: ya yi gaba taku biyar, ya zame dama, ya ɗauki ƙaramin kwali, ya kawo.

"Bismillah," in ji Dakta.

Dogo ya tura maɓallin gaba. Mutum-mutumi ya tashi sumul, ba ƙara ba gargada, ya nufi kusurwar hagu a karkace kamar ƙaguwa, inda babu kwali, babu komai sai kwandon shara.

"Gaba, Dogo," na ce a hankali.

"Gaban na danna!"

Ya danna baya. Mutum-mutumi ya dawo a karkace, ta layin da ya bi. Ya danna dama. Nan kuma sai ya tsaya cak, tayoyin suna ta juyi suna ƙiiii a kan tayil, jikinsa yana kyarma kamar mai zazzaɓi.

Wani daga baya ya ce, "Sanyi yake ji, a rufa masa zanen!" Dariya ta fara tashi.

Kawu ya ɗaga hannu. "Jama'a, a kwantar da hankali. Sabon ƙarfe ne, bai saba da mutane ba. Kuma ƙasan nan a karkace take, tun shigowata na lura."

"Malam, koma gefe," in ji Dakta.

"Ranka ya daɗe, ɗan taɓi kawai yake so."

Ya sa ƙafa ya ɗan tura shi. Ashe ta wannan ɓangaren babu abin da yake riƙe da shi, 'ya'yan tayar duk hanya ɗaya suke kallo. Mutum-mutumi ya sulale kamar sabulu a kan tayil, hannu a miƙe, ya nufi teburin malamai. Kawu ya bi shi da gudu yana "Tsaya! Kai, tsaya!" Ya sha gabansa, ya ware ƙafafu. Dogo ya rikice ya danna duk abin da yatsansa ya samu. Yatsu biyun nan suka buɗe, suka rufe, suka cafke gindin farar riga.

"Sake shi, Dogo!" na ce.

Maimakon maɓallin saki ya danna na juyi. Mutum-mutumi ya fara katantanwa a wuri ɗaya, Kawu yana zagaya shi da sassarfa don kada rigar mutane ta yage, biro suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. A zagaye na uku ya kai hannu neman abin kamawa, ya samu ƙyallen tebur. Jug ya tafi, kofuna suka bi shi, takardun maki suka tashi sama. Malamin da ke gefen Dakta ya ɗage ƙafafu ya tsuguna a kan kujera.

"Na-Taɓa!" mai faci ya ƙwala daga baya, hawaye na zubo masa. "Wannan ma ka taɓa yi?"

Na ruga na cire wayar batir. Komai ya tsaya. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga bakin tebur, da mai walda da ya kifa kai a bango kafaɗunsa suna rawa. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Dakta ya share ruwa daga hannun rigarsa, ya zagayo, ya tsuguna gaban tayoyin. Ya murza 'ya'yan wannan, ya leƙa waccan. Ya daɗe.

"Wa ya ƙera su?"

Kawu, wanda tun safe yake jiran wannan tambaya, ya shiga duba silin. Mai walda da mai faci suka nuna shi a tare.

"Aikin yana da kyau," in ji Dakta. "Ban taɓa ganin na hannu mai tsabtar wannan ba."

Nan take Kawu ya sauko da kai, ya gyara abin da ya rage na rigar. "Ai ranka ya daɗe, shekara talatin..."

"Sai dai takalmi huɗu ka ɗinka masa, duk na ƙafar hagu. Biyu ya kamata 'ya'yansu su kwanta ta nan, biyu ta can, su riƙa taran juna. Ba a ba ka zanen na dama ba?"

"Takarda ɗaya ce aka buga sau biyu."

"Tana ƙarƙashin butar shayi," in ji mai faci. "Ni shaida ne, dama shaida aka kawo ni."

A ranar ɗalibai suka ga haƙoran Dakta, har na ciki. Da ya samu ya nutsu, ya juyo gare mu ya ɗaure fuska. Ya ce injiniyan da ya kawo na'ura gaban jama'a bai gwada ta ba, shi ma da nasa laifin, kuma zai rage mana maki a kan haka. Amma ya ba mu kwana huɗu.

Daga nan muka bi Kawu zuwa layinsu. Da muka isa shago Kawu ya ɗaga butar, ya zaro takardar. Ta yi da'irar shayi ta kai goma. Ya warware ta, ya kara da ta bango, ya daɗe yana kallo.

"Wallahi sun bambanta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Bai dube ni ba. "Da kin maimaita shekara saboda ni, da wane ido zan kalli Yaya?"

Ban taɓa jin Kawu ya yi tambayar da bai riga ya shirya amsarta ba sai ranar. Na jawo benci na zauna kusa da injin.

"Kawu, zan riƙa karanto maka awon, kai kana yankawa."

"To," ya ce. Kawai.

Kwana uku muka yi a haka, ina karantawa yana yi, kuma duk ramin da zai huda sai ya ce, "Ta nan ko ta can?" A rana ta huɗu mutum-mutumi ya yi gaba taku biyar, ya zame dama kamar ana jan sa da zare, ya ɗauki kwali ya ajiye a gaban Dakta. Muka ci. Kawu bai zo ba, ya ce aiki ya yi masa yawa.

Da za mu fita Dakta ya ce in bar masa jajayen tayoyi biyun da suka yi saura. Bayan mako guda na gan su a cikin akwatin gilashi a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, da ɗan rubutu a ƙasa. Na yi kuskuren ɗaukar hoto na tura wa Umma.

Da na biya ta layin ranar Asabar, na tarar da Kawu a tsaye a kan benci, wayar Umma a hannunsa, mutum ya kai goma sha biyar a kewaye da shi.

"Ku duba da kyau! Aikina ne a jami'a, a cikin gilashi! Duk ɗalibin da ya shiga shekarar farko sai an kai shi ya tsaya a gabansa. Da shi ake koyarwa!"

Mai walda ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido. "Akwai rubutu a ƙasa. Farfesa, zo ki karanta mana, idona ba ya gani."

Na dubi Kawu. Ya dube ni. Na karanta yadda yake: "Abin da ke faruwa idan ba a karanta shafi na biyu ba."

Layin ya kece da dariya, har mai kemis ya fito daga shagonsa. Kawu ya jira suka gama tsaf, ya karɓe wayar, ya goge fuskarta da gefen riga, ya sauko daga benci a natse.

"Ku yi ta yi," ya ce. "A cikinku wa aka taɓa sa kuskurensa a gilashi?"